Layin Baba Sada

Shafi na 17

Masu turo min saƙo tun da asuba kuna cewa na bar Zakiyya tsaye a ƙofar shago na gudu, ku yi min afuwa, wutar unguwarmu ce ta lalace. Maman Bushra ta Bakori, na ji naki har da rantsuwar kin daina karantawa. Na san kina nan. Gyara zama.

*

Ƙofar shagon a buɗe take rabi, alamar mai shi yana ciki amma bai fara ciniki ba. Zakiyya ta sa kai a hankali. Motar farko ta biyo daga Funtua, inda take aikin haɗa wa makarantu da asibitoci intanet, kuma ba ta gaya wa mahaifinta tana tafe Malumfashi ba.

Ta buɗe baki za ta yi sallama, sai ta ji murya daga ɗakin ajiya.

"Inna, ni ne, Sada. Kin tashi lafiya? Ya ƙafar?"

Ta dafa kanta.

Murya ce mai sauri, da 'yar dariya a ƙarshen kowace magana. Muryar Baba Sada, ƙanin mahaifinta, wanda ya bi hanyar Agadas neman aiki shekarun baya aka daina jin ɗuriyarsa. Ita ce muryar da tun farkon damina take shiga wayar kakarta Tsohuwa duk ranar Juma'a.

"Nan lafiya lau muke, aiki ne ya yi yawa. Ki riƙa cin abinci, kin ji? Kar ki ce sai na..."

Tari ya sarƙe mai maganar. Tarin da Zakiyya ta sani tun tana goye.

"Kai, bai yi ba," aka ce a hankali, da wata murya mai nauyi. "Bari a sake."

Ta ɗaga labulen buhu.

Mahaifinta Malam Maharazu na zaune a kan buhun taki, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. A hannunsa wata tsohuwar waya ce mai tsagaggen gilashi, an ɗaure bayanta da kyauro.

Suka kalli juna.

"Baba."

Ya kai wayar bayansa kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Da ya ga abin ba shi da amfani, ya dawo da ita ya ajiye a cinya.

"Zakiyya. Yaushe a gari?"

"Yanzu."

"Kin karya?"

"Baba, muryar wa na ji?"

Ya ɗauki hular ya juya ta, ya sake juya ta.

Ta durƙusa a gabansa, ta zauna a kan dugaduganta.

"Ba faɗa na zo yi ba. Wallahi da tsoro na zo."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Waccan ce."

Ta nuna 'yar farar na'urar da ke manne a bango sama da ƙofa, fitilunta na ƙyaftawa. Ita ta kafa masa ita bara, don ya riƙa duba farashin iri da taki ba tare da sabis ya wahalar da shi ba.

Ya ɗaga kai ya kalle ta kamar yau ya fara ganinta.

"Wannan abar tana magana ne?"

"Rauta kamar mai gadin ƙofa take, Baba. Duk wayar da za ta hau intanet ta waifai ɗin shagon nan, ta wurinta za ta bi. Kuma kowace waya da lambarta, ba ta kama da ta wata. Sai ta riƙe: wance ta shigo, wance ta fita. Ina Funtua ina iya dubawa."

"To?"

"Na san taka, na san tawa, na san na'urar cire kuɗi. Sai na fara ganin baƙuwa. Ba ta zuwa sai ranar Juma'a da safe, kafin a buɗe shago. Na ce ko maƙwabta ne suka samu kalmar sirrin suke shan data. Na canza ta."

"Shi ne kika zo kika ce in haddace sabuwa."

"Kai kaɗai na gaya wa. Juma'a na zagayowa, baƙuwar ta dawo."

Ya sunkuyar da kai.

"Da na je gida wurin Tsohuwa na duba wayarta. Duk lokacin da baƙuwar ta hau a nan, a lokacin saƙon Baba Sada ke sauka a can."

A waje wani mai baro ya wuce yana kiran a ba shi hanya.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kenan duk abin da nake faɗa mata kin ji."

"A'a."

"Kar ki rufa min asiri da ƙarya, Zakiyya."

"Ban ji ba, Baba. Ko na so ba zan iya ba. Saƙon WhatsApp tun kafin ya bar wayar nan ake kulle shi, a dagula shi ya zama shirme. Haka zai bi ta rauta, ya bi ta ƙarfen sabis, ya bi duk inda zai bi. Ni da na haɗa wayoyin, da kamfanin layi, da ɓarawon da zai laɓe a hanya, duk shirmen za mu gani. Wayar Tsohuwa ce kaɗai ke da makullin da zai warware shi. Abin da nake gani kawai, an yi aike, ga lokacin da aka yi. Abin da ke ciki tsakaninku ne. A wayarta ma ban kunna ba, lokacin kawai na duba."

Ya sauke numfashi mai tsawo.

"Alhamdu lillahi."

Yadda ya faɗe ta ya sa idonta ya cika. Ashe ba kamun da aka yi masa ne ya fi damunsa ba.

"Ka san me na yi zato?" ta ce. "Yanzu akwai masu ɗaukar muryar mutum su ba kwamfuta ta kwaikwaya, ka rantse shi ne. Akwai masu shiga jikin tsofaffi da daɗin baki, yau ya jiki, gobe wa ke kwana a gidan, jibi an kawo masara gida ko tana gona. Ka san yadda ƙauyukanmu suka koma. Na ce wani ne yake auna gidan Tsohuwa. Abinci ma kasa ci na yi. Da na ga daga shagon nan abin ke fita kuma, sai na ce ko wani ya tsare ka ne yana sa ka."

"Ba wanda ya sa ni."

"To me ya sa?"

Ya shafa tsagaggen gilashin da babban yatsa.

"Wayarsa ce. Ranar da zai tafi ya bar min ita, ya ce can layinmu ba ya aiki, in ajiye masa. Ni kuma nake sa mata kati lokaci-lokaci, in kira tawa da ita, don kar a rufe layin. Na ce wata rana zai dawo ya tambaya."

"Ba ka taɓa jin labarinsa ba?"

"Na ji."

Ta ɗago kai ta kalle shi.

"Wani mutumin Danja da suka tafi tare ya dawo. Ya neme ni har nan, ya zauna inda kike. Ya ce motarsu ta mutu a cikin rairayi. Suka rabu biyu, wasu suka tsaya jikin mota, wasu suka ce za su taka su nemi rijiya. Shi yana cikin waɗanda suka tsaya, aka zo aka kwashe su. Sada yana cikin waɗanda suka taka."

"Inna lillahi..."

"Bai ce ya mutu ba. Ya ce bai sake ganinsa ba. Ni me zan je in ce mata? In ce ya mutu, ban ga gawa ba. In ce yana raye, ban ji murya ba. Sai na yi shiru."

"Har damina."

"Har damina. Ke ba ki ga yadda ta koma ba, kina can wurin aiki. Murja da ke kula da ita ta kira ni ta ce Inna ta daina cin tuwo, kunu ma sai an yi da gaske. Na je na tarar da ita kwance ta juya wa ƙofa baya. Na ce Inna ki tashi ki ci. Ta ce ta ƙoshi. Na ce me kike so a kawo miki. Ta ce ba a sayar da shi a kasuwa."

Ya goge ido da bakin hular.

"Na dawo nan na zauna. Tun muna yara in muka yi magana a bayan danga ba a bambance mu, sai dai shi da sauri, ni da nauyi. Na ce bari in gwada sau ɗaya, ta samu ta ci abinci. Washegari Murja ta kira tana guɗa, wai Inna ta cinye malmala biyu ta ce a ƙaro miya."

Zakiyya ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Daga nan ban san yadda ake tsayawa ba," ya ce. "Tana amsawa, kin sani? Ke kika koya mata dannawa. Sai ta yi ta magana, ta yi ta sa albarka. Ina zama a nan in saurara kafin in buɗe shago."

"Baba..."

"Za ki gaya mata?"

Ta daɗe tana kallon yatsun ƙafarta.

"Ban sani ba."

"Yau zan kai mata maganin ido. Ki zo mu je. In kin gan ta, abin da zuciyarki ta ba ki ki yi. Ba zan hana ki ba."

*

A babur suka tafi. Hanyar Kafur ta cika da motocin masara, dawa ta yi kai ta sunkuya a gonaki hagu da dama. Can gaba suka sauka daga kwalta suka kama burtalin Gidan Jatau, ƙauyen Tsohuwa.

Tsohuwa na zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa a faifai. Idanunta sun yi yana, sai dai kunnenta ba abin da ke wuce shi. Wayarta na rataye a ƙusa jikin rumbun, cikin 'yar jakar saƙa, domin a duk gidan nan ne kaɗai sabis ke kamawa.

"Wannan takun na mai kwamfuta ne," ta ce tun kafin su yi sallama. "An tuna da mu kenan."

"Ke dai ba kya rabo da ƙorafi, Tsohuwa. Na zo ma?"

"Me kika kawo min?"

"Kaina."

"Mayar da shi, ba ya ciyuwa."

Malam Maharazu ya durƙusa daga nesa kaɗan.

"Inna, barka da hantsi."

Ta kawar da fuska gefe, kamar yadda take yi tun Zakiyya na ƙarama.

"An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ga maganin."

"A ba Murja."

Shi kenan gaisuwar. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta doguwar magana da shi. In zancensa ya kama, sai ta ce "uban yarinyar nan". 'Ya'yanta duk sun musulunta tun suna samari, ita kuwa tana nan kan abin da ta taras iyayenta na yi, sabon hatsi ba ya shiga bakinta sai ta kai na fari gindin tsamiyar bayan gida. Ba ta hana su nasu ba, ba su tsananta mata a kan nata ba. Amma kunyar ɗan fari kam, ko limamin Kafur bai kai ta riƙo ba.

Ya miƙe ya ce zai duba masara, daga can ya wuce masallaci. Murja, 'yar ƙanwar Tsohuwa da ke zaune da ita, ta ɗauki bokiti ta nufi rijiya.

Gidan ya rage su biyu.

Zakiyya ta ja kujera 'yar tsugune ta sa hannu a faifan.

"Ci kike ko ɓara?"

"Duka."

Suka yi ta ɓara. Kaji na zagaye su.

"Yau ba a aiko ba," Tsohuwa ta ce.

Gyaɗar da ke hannun Zakiyya ta suɓuce.

"Wataƙila sabis ne."

"Sabis lafiyarsa lau, ɗazu ta yi ƙara, masu tallar waƙa ne." Ta watsa wa kaji ɓawo. "Ko dai bayan nan nasa ne ya motsa? Na hana shi ɗaga buhu, ba ya ji."

"Baba Sada yana ciwon baya ne?"

Gefen bakin Tsohuwa ya motsa.

"Tsohuwa."

"Na'am."

"Wa ke ciwon baya?"

"Wa kika sani mai ciwon baya a gidan nan?"

Zakiyya ta saki faifan.

"Kin sani!"

"Rage murya, kar kaji su kai gari."

"Tun yaushe?"

"Tun ya ce 'Inna'." Ta tura ƙwayar gyaɗa baki. "Sada in zai kira ni, a sama yake ɗauko sunan ya jefo. Wannan kuwa daga ƙasa yake ɗago shi, kamar yana tsoron kar ya fashe. Ya yi ƙoƙari, har da dariyar. Amma ni na haife su."

"Shi ne kika yi shiru? Kika bar shi yana shiga ɗakin taki yana maƙe murya?"

"A ɗakin taki yake yi?" Ta ƙyalƙyale da dariya har tana dafa ƙirji. "Shi ya sa tari!"

Dariyar ta ɗan jima, sannan ta lafa. Ta lalubo hannun Zakiyya ta riƙe. Tafinta kaushi, da ɗumi.

"Ranar farko na yi kuka. Na gane cewa in har ya kai ga yin haka, to ya ji abin da ba zai iya gaya min ba. Na kwana da wannan. Da gari ya waye na sake dannawa na saurara. Na ji mutum mai furfura, mai 'ya kamar ke, ya zauna yana roƙona in ci tuwo. Na ce Murja ɗora tukunya."

Zakiyya ta matso kusa da ita.

"Ke yarinya ce, ba ki san abin ba. Ranar da na haife shi, kafin in gama ganin fuskarsa uwar mijina ta ɗauke shi. In zan ba shi nono sai na juya baya. Ya faɗi ya fasa goshi a gabana, na ci gaba da daka, wata ce ta ɗaga shi. Haka ake yi, haka na yi. Na sake haihuwa na samu waɗanda zan yi wa wasa. Shi kuwa ya girma yana gaishe ni daga bakin ƙofa."

Ta matse hannun.

"Sai ga shi tsufa ya zo, ido ya tafi, an kawo min wata aba da zan danna in ce 'ɗana'. In ce ɗana ka ci abinci. Ɗana ka huta. Ɗana na gode da kai, Allah ya ba ka masu yi maka. Shi yana can yana cewa da Sada nake. Ni na san da wa nake."

"Ki gaya masa mana, Tsohuwa. Wallahi yana ɗauke da abin nan kamar dutse."

"In gaya masa da wane bakin? In na faɗa, ya daina aikowa, ni ma na daina amsawa. Mu koma 'an zo lafiya'." Ta juyo da fuska wajenta. "Ke da kika san cikin abar, akwai mai jin abin da nake faɗa?"

"Babu. A kulle yake tafiya. Daga ke sai shi."

"To ki bar mana a kulle."

Zakiyya ta kwantar da kai a cinyarta kamar yadda take yi tana ƙarama. Tsohuwa ta zame mata ɗankwali tana laluben kitson.

"Wa ya yi miki wannan? Kuɗinki ya ci."

*

Bayan an sauko Juma'a ya dawo, da ɗanyar masara a leda. Ya kalli Zakiyya daga bakin ƙofa, tambayar na cikin idonsa. Ta girgiza kai kaɗan. Kafaɗunsa suka sauka.

Murja ta hura gawayi. Ƙamshin gasasshiyar masara ya cika tsakar gida. Ya zauna a kan turmi can gefe yana ci, Tsohuwa ta ba shi rabin baya tana ɓantarar tata da 'yan haƙoran da suka rage.

Zakiyya ta miƙe ta ciro wayar daga ƙusa.

"Bari in duba miki ita kafin mu tafi, ko ta cika."

Ta buɗe. Hoton Baba Sada na sama, da hularsa a karkace. Ta shiga don ta ga ko akwai wuri.

Ƙasan saƙon makon jiya akwai wani ɗan rubutu da ba ta bari a wurin ba. Ita ta kunna wannan gargaɗin da hannunta, ranar da ta fara zargi.

Ta karanta. Ta sake karantawa.

"Baba, zo ka ga wani abu a babur."

Ya biyo ta bayan rumbu. Ta yi ƙasa da murya.

"Ka taɓa wayar Baba Sada yau bayan mun fito? Ka goge wani abu, ko ka sa layin a wata waya?"

"Tana aljihuna. Ko kunna ta ban yi ba."

"Wani ya kira ka ya ce ka karanto masa lambobi? Ko an turo maka wani abu ka danna?"

"Ke kika hana ni, ban taɓa ba. Me ya faru?"

"Nan an rubuta makullin Baba Sada ya canza. Ɗazu, ana cikin masallaci."

"Me ke nan?"

"Kowace waya da makullinta. In makulli ya canza, yawanci an ɗauke layin ne an hau da shi a wata wayar. Kawo ta."

Ya ciro ta ya miƙa mata. Ta kunna, ta ɗaga ta jikin rumbu, daidai ƙusar. Wayarta ta kama sabis. Ta Tsohuwa ta kama. Tasa ta kama. Mai tsagaggen gilashin kuwa wayam.

Ta kashe ta kunna. Ta ciro sim ta goge a gefen mayafi ta mayar.

Wayam.

"Sim ɗin ya mutu, Baba. Wani ya je ya ciro sabo a kan lambar."

"Ana yin haka?"

"Ɓarayi na yi, in sun samu bayanan mutum ko sun samu na ciki. Su kwashe layi su riƙa kiran 'yan'uwa da sunan mai shi."

"Za su ji abin da muka..."

"A'a. Tsofaffin saƙonni ba sa binsu. Amma duk abin da Tsohuwa ta aika daga yanzu, hannunsu zai faɗa."

Ya jingina da rumbun.

"Ɓarayi kaɗai ke iyawa?"



"Ko mai layin. In ya je da kansa, aka ɗauki hoton fuskarsa da yatsansa."

Masarar da ke hannunsa ta faɗi ƙasa, kaza ta ja ta.

Wayar Tsohuwa ta fara ruri a hannun Zakiyya.

Hoton nan ne. Hula a karkace.

"Wa ke kira?" Tsohuwa ta ɗaga murya daga inda take. "Ku da kuka laɓe kuna ƙus-ƙus, wa ke kira?"

Zakiyya ta zagayo ta durƙusa a gabanta. Mahaifinta na biye, ya manta da tazarar da yake bari, har gwiwarsa na taɓa tabarmar.

"Tsohuwa, layin Baba Sada ne. Amma ki saurare ni. Ban san wa ke riƙe da shi ba. Kar ki faɗi sunan kowa, kar ki ce ga wanda ke gida. Ko kin ji murya kamar tasa, kar ki yarda, ana iya ƙera ta. Ki tambaye shi abin da daga ke sai shi kuka sani."

Tsohuwa ta juya fuska wajen da numfashin ɗanta na fari ke fita. Ta daɗe a haka. Wayar na ta ruri.

"Danna," ta ce.

Zakiyya ta danna, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

Hayaniya ta fara shigowa. Ƙarar injin, wani na kiran fasinja da wani harshe. Sai numfashi, kusa da waya.

"Inna?"

Murja ta saki mafici.

Fuskar Tsohuwa ba ta motsa ba. Hannunta ne kawai ya damƙe bakin faifan har jijiyoyi suka fito.

"Inna, kina ji na? Ni ne."

"Ina ji," ta ce, muryarta a daidai. "In kai ne, gaya min. Ranar da za ka tafi, me na sa maka a aljihu?"

Shiru.

Injin na ta ƙara a can. Malam Maharazu ya rufe ido. Zakiyya ta kai yatsa kusa da wurin kashewa.

Sai aka yi wata 'yar dariya, mai haɗe da kuka.

"Haba Inna. Ai ba a aljihu kika sa ba. A cikin..."

Ɗif.

"Alo? Alo!"

Zakiyya ta zabura ta kai wayar jikin rumbu ta kira. A kashe. Ta sake kira. A kashe.

Ta juyo. Faifan ya kife, gyaɗa ta watse a tabarma, kaji sun rufar mata ba mai kora. Tsohuwa na tsaye da ƙafafunta, ba sanda, ba dafa bango.

"Inna," Malam Maharazu ya ce da ƙyar. "Inna, me kika ji?"

"Ba a aljihu na sa ba," ta ce.